Muhawara: Shin Sai Mai Abin Asara Ne Kaɗai Za A Saurari Shawararsa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Jiya a wurin aiki an ba ni wani rahoto kan harkar bankuna in mayar da shi Hausa, sai na ci karo da karin maganar Turancin nan, "skin in the game". Idan aka bi shi kalma da kalma, zai zama "fata a cikin wasa", wanda ba shi da wata ma'ana a kunnen Bahaushe. Jumlar tana cewa ne wajibi ne shugabannin banki su kasance suna da wannan abu. Ni kuwa na rubuta cewa su zama "masu ruwa da tsaki", amma editanmu ya soke, ya ce ban kamo bakin zaren ba. Ina neman ku haska mini.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Wa alaikumus salam, 'yata. Editanki yana da gaskiya. Mai ruwa da tsaki shi ne duk wanda abu ya shafa, ko da kuwa ɗan gayyata ne da aka kira taro aka ba shi kujera. Abin da Bature yake nufi ya fi haka nauyi: mutum ya sa nasa kuɗin a cikin harkar, ta yadda idan ta rushe, ta rushe da shi. Attajirin nan na Amurka, Warren Buffett, shi ne ya ƙirƙiro maganar, kuma ni bayan shekarun da na yi a wannan aiki na ɗauke ta a matsayin ƙa'ida. Duk wanda zai ba ka shawara a kan dukiyarka, alhali ba shi da abin da zai rasa idan shawarar ta ɓaci, to kada ka saurare shi. Ina faɗin wannan ba tare da togaciya ba.

Malamar Turanci: Alhaji, na yarda da bayaninka na ma'ana, amma batun asali akwai gyara. Jingina maganar ga Buffett ya yaɗu ƙwarai, sai dai William Safire, wanda ya daɗe yana rubuta shafin nazarin kalmomi a jaridar New York Times, ya bi diddigin wannan magana a shekarar 2006, kuma ya nuna cewa ba daga bakin Buffett ta fara ba. Wasu kuma suna kai ta ga wasan kwaikwayon Shakespeare na ɗan kasuwar birnin Venice, inda mai ba da bashi ya gindaya sharaɗin yankan laba ɗaya ta tsokar jikin wanda ya ci bashin idan ya kasa biya. Labarin ya dace da ma'anar, amma kalmar da ke cikin wasan tsoka ce, ba fata ba, don haka ban ɗauki wannan a matsayin hujja ba. Abin da ya fi kama hankalina shi ne cewa a Turancin titi na Amurka an daɗe ana kiran dala da sunan fata, kuma a wasan golf akwai wani salo da ake sa kuɗi a kan kowane rami, ana kiran kuɗin da wannan suna. A wurina maganar ta fi kama da ta 'yan caca da 'yan kasuwa da ta wani mutum guda.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Hajiya, na karɓi gyaran da hannu biyu, domin fagenki ne. Amma ko ba shi ya ƙirƙiro ta ba, akwai dalilin da ya sa ta manne masa. A shekarar 1956, yana ɗan shekara 25 a garin Omaha, ya buɗe kamfanin haɗin gwiwarsa na farko da mutum bakwai, 'yan'uwa da abokai, waɗanda suka zuba dala 105,000. Shi kansa dala 100 kacal ya sa. Mutum zai ce ai wannan ba komai ba ne, amma a yarjejeniyar ya ɗauki alhakin kashi ɗaya cikin huɗu na duk asarar da za a yi, kuma kuɗin na ƙanwar mahaifinsa ne da yayarsa da surukinsa, mutanen da zai ci gaba da haɗuwa da su a gida har ƙarshen rayuwa. Ku kwatanta wannan da abin da ya jawo rikicin 2008. Masu ba da bashin sayen gidaje a Amurka sun daina riƙe bashin a littafinsu. Suna bayarwa yau, gobe su ɗaure basussukan dami-dami su sayar wa masu zuba jari a faɗin duniya, su karɓi la'adarsu su koma neman wani. Wanda ya san ba shi zai bi bashi ba, me zai sa ya tsaya binciken ko mai karɓa zai iya biya? Da babban bankin nan na Amurka, Lehman Brothers, ya durƙushe ranar 15 ga Satumba 2008, duniya ta ga sakamakon. Shi ya sa dokar Dodd-Frank ta 2010 ta tilasta wa masu ɗaure irin wannan dami su riƙe aƙalla kashi 5 cikin ɗari na haɗarin a hannunsu, kuma Tarayyar Turai ma ta kafa irin wannan ƙa'ida ta kashi 5. Wato majalisun dokoki sun ɗauki karin magana sun mayar da shi doka, domin sun ga gaskiyar da ke cikinsa.

Falke: Ni ba littafi na karanta ba, a jikina na ji, don haka ina bayan Alhaji. A shekarar 2007, lokacin da kowa yake rububin sayen hannun jari a Najeriya, wani dillalin hannun jari ya yi ta zarya shagona har ya shawo kaina na ci bashi na saya. Ya rantse mini cewa farashi ba zai sauko ba. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar ya haura 66,000, amma kafin shekarar ta ƙare ya koma ƙasa da rabin haka. Na sayar da fili na biya bashin. Shi kuwa ya riga ya karɓi kamashonsa ranar da na saya, kuma da na je sayarwa da asara ya sake karɓar wani. Daga baya na tambaye shi ko shi ma ya sayi abin da ya tallata mini, ya ce a'a. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a sana'ar iyayenmu ba haka ake yi ba. A fataucin shanu zuwa Ibadan, maigidan da falke yake sauka wurinsa a Sabo shi ne yake tsaya wa mahaucin da ya ɗauki sa bashi. Idan mahauci ya gudu, maigida ne zai nemo kuɗin, in ba haka ba babu falken da zai ƙara sauka gidansa. Saboda haka yake sanin kowane mahauci ciki da bai kafin ya yarda a ba shi dabba.

Lauya: Allah ya mayar da alheri, Alhaji Falke, kuma ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ka faɗa ba. Inda na saɓa da babanmu na banki shi ne cewar da ya yi babu togaciya. A fagenmu na shari'a, abin da yake yabo shi ne ainihin abin da yake hana mutum zama a kan kujerar alƙalanci. A shekarar 1852 Majalisar Dattawan Ingila, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta soke wani hukunci na Lord Cottenham, shugaban alƙalan ƙasar, a shari'ar wani mutum mai suna Dimes da wani kamfanin hanyar ruwa, saboda an gano alƙalin yana da hannun jari a kamfanin. Alƙalan sun faɗa a fili cewa babu mai zaton jarin ya karkatar da shi, amma duk da haka suka soke, domin mutum ba ya alƙalanci a shari'ar da yake da rabo a cikinta. A ƙarshen 1998 an maimaita irin wannan a shari'ar tsohon shugaban Chile, Pinochet, inda aka rushe hukuncin farko saboda ɗaya daga cikin alƙalan, Lord Hoffmann, yana cikin daraktocin wata gidauniya mai alaƙa da ƙungiyar Amnesty, wadda ta shiga shari'ar. A nan ko kuɗi babu, alaƙa ce kawai. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ma, a ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana jami'in gwamnati sa kansa a inda buƙatarsa za ta ci karo da aikinsa. Idan muka bi ƙa'idar Alhaji yadda ya faɗe ta, sai mu ce alƙali mai jari a kamfani ya fi cancanta ya yi masa shari'a, kuma likitan da yake da kantin magani ya fi cancanta ya rubuta wa mara lafiya magani. Na tabbata ba haka yake nufi ba, amma abin da kalmominsa suka ɗauka ke nan.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Barista, alƙali ba shawara yake bayarwa ba, hukunci yake yankewa tsakanin mutum biyu, don haka misalinka ya fita daga abin da nake magana a kai. Ni ina maganar wanda zai juya dukiyar wani ne. Kuma wannan tunani ya girmi kotunan Ingila da dubban shekaru. A dokokin Hammurabi na Babila, kimanin shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, doka ta 229 ta ce idan magini ya gina gida ya rushe ya kashe mai gidan, a kashe maginin. Babu wani mai duba gini da zai kai wannan doka tasiri, domin magini ya fi kowa sanin inda ya rage ƙarfin tushe.

Lauya: Ranka ya daɗe, a ci gaba zuwa doka ta 230. Ta ce idan ɗan mai gidan ne ya mutu, a kashe ɗan maginin. Yaron bai ɗora tubali ko ɗaya ba. Wannan shi ne abin da nake tsoro a duk lokacin da aka ɗauki wannan magana a matsayin maganin komai, domin sau da yawa fatar da ake sawa a ciki ba ta mai yanke shawara ba ce. Ma'aikatan Enron, wani kamfanin makamashi na Amurka, sun tara kaso mai yawa na kuɗin fanshonsu a hannun jarin kamfanin, ana ce musu hakan ne yake nuna sun yarda da wurin aikinsu. Hannun jarin da ya kai kusan dala 90 a shekarar 2000 ya koma ƙasa da dala 1 a ƙarshen 2001. Wasu manyan kamfanin sun riga sun sayar da nasu tun da sauran daraja, ƙananan ma'aikata kuwa suka rasa aiki da ajiyar tsufa a lokaci guda. Sannan ko a rikicin 2008 ɗin da ka kafa hujja da shi, akwai abin da ba ka ambata ba. Jimmy Cayne, shugaban bankin Bear Stearns na Amurka, yana da hannun jari a bankinsa da ya taɓa kai kimanin dala biliyan 1, kuma a watan Maris na 2008 ya sayar da shi a kan dala miliyan 61. Richard Fuld, shugaban Lehman, shi ma yana riƙe da ɗimbin hannun jarin bankinsa har ya rushe. Waɗannan mutane sun sa dukiyarsu a ciki fiye da duk abin da doka za ta nema, kuma hakan bai hana su kai bankunansu rami ba.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Wanda ya tashi da dala miliyan 61 bai yi asarar da za ta hana shi barci ba, Barista. Asarar da nake nufi ita ce irin ta Alhaji Falke, wadda take kai mutum ga sayar da fili. Kafin waɗannan bankuna su shiga kasuwar hannun jari, na abokan tarayya ne, kuma dukiyar abokan tarayyar ce take cikin haɗari. Bankin Goldman Sachs bai bar wannan tsari ba sai a 1999. Da aka koma juya kuɗin jama'a, ana raba garaɓasar ƙarshen shekara a kan ribar da ba ta tabbata ba, sai halin mutane ya sauya. Ita kanta dokar kashi 5 ɗin, da aka zo kammala ƙa'idojinta a 2014, an yi mata togaciya mai faɗi da ta fitar da mafi yawan basussukan gidaje daga cikinta. Saboda haka ba a gwada abin da nake faɗa an ga ya gaza ba, an dai gwada ɗan guntunsa.

Malamin Fikihu: Na daɗe ina bin maganganunku, kuma ina ganin kowannenku yana riƙe da gefe ɗaya na abin da malamanmu suka daɗe da rarrabewa. A gefen Alhaji akwai hadisin da ya ce "al-kharaju bid-daman", wato amfanin abu yana ga wanda lamuninsa yake wuyansa, kuma daga nan malamai suka fitar da ƙa'idar cewa riba tana tafiya tare da ɗaukar asara. A musharaka, inda mutum biyu suka haɗa jari, a wurin wasu malamai suna iya daidaitawa a kan yadda za su raba riba, amma asara dole ta bi gwargwadon jarin kowa, ba a yarda ɗaya ya ce shi riba kawai zai ci ba. A gefen Barista kuma, fikihun Malikiyya ya bayyana cewa ba a karɓar shaidar wanda yake jawo wa kansa amfani da shaidar, ko yake tunkuɗe wa kansa cuta da ita. Ga shi nan, abu guda ne, an wajabta shi a kan abokin tarayya, an kuma mayar da shi abin da yake kore mai shaida. Sai dai ina so Alhaji ya dubi mudaraba da kyau, domin ita ce ta fi kusa da batunsa. Mai dukiya ya ba da jari, mai aiki ya juya. Idan aka yi asara ba tare da sakaci ko ƙetare sharaɗi ba, mai dukiya ne yake ɗaukarta, mai aiki kuwa wahalarsa ce ta tafi a banza. Idan ma aka shar'anta masa lamunin uwar kuɗi, yarjejeniyar ta ɓaci. Hikimar a bayyane take: da an ce sai mai abin asara ne zai juya dukiya, da talaka mai basira da amana ba zai taɓa samun wanda zai ba shi jari ba, kuma da kasuwanci ya zama gadon masu hali kaɗai.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Allah ya gafarta Malam, wannan ta shige ni. Amma ko a mudaraba, mai aiki ba ya karɓar komai sai an ci riba. Shekararsa guda tana iya tafiya bai samu ko sisi ba. Dillalin da ya cuci Alhaji Falke kuwa ya ci a shiga ya ci a fita. Don haka mai mudaraba yana da abin asara, ko da ba kuɗi ba ne.

Malamin Fikihu: Haka ne, kuma da wannan ka sassauta maganarka ta farko, domin yanzu ka yarda cewa abin da mutum zai rasa yana iya zama guminsa ko sunansa. Maigidan Sabo da aka ambata, abin da ya fi tsoron rasawa shi ne amincewar fatake, wadda ta fi kuɗin sa ɗaya daraja a wurinsa.

Ɗalibi: Iyayena, ina neman izini in sa baki. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake amfani da wannan magana a siyasar Amurka. Ana cewa wanda ba ya biyan harajin kuɗin shiga ba shi da "skin in the game", ko kuma a ce dole mara lafiya ya biya wani abu daga aljihunsa domin kada ya riƙa zuwa asibiti ba dalili. Ni a ganina wanda jikinsa ne yake ciwo ya riga ya sa abin da ya fi kuɗi a ciki. Idan maganar da aka yi domin ɗaure masu iko ta koma sandar dukan marasa ƙarfi, anya ba a juya ta ba?

Malamar Turanci: Ka lura da abu mai muhimmanci, ɗana, kuma ya shafi aikin mai fassara kai tsaye. Turanci yana da maganganu da dama a wannan fage, kuma kowacce da inda ta karkata. Idan aka ce mutum yana da "vested interest", yawanci zargi ne, ana nufin yana da wata moriya da za ta sa a yi taka-tsantsan da maganarsa. Idan mutum ya ce ba shi da kare a faɗan, ko ba shi da doki a tseren, yana wanke kansa ne, yana cewa ba ruwansa da wanda ya yi nasara, don haka a yarda da adalcinsa. Ita kuwa wadda muke magana a kai yabo ce, ko kuma buƙata da ake ɗora wa wani. Ka ga harshe guda yana yabon mutum don yana da rabo, yana kuma yabonsa don ba shi da shi, gwargwadon kujerar da yake kai. Wanda ya fassara dukkansu da "ruwa da tsaki" ya shafe wannan bambanci. Ga ta zargi, Hausa tana da "yana da wata manufa tasa" ko "akwai abin da yake karewa", har ma akan ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ga ta wanke kai muna da "ba ni da ko ɗaya a ciki". Ga ta yau kuwa, dole fassarar ta ambaci asara, in ba haka ba ta rasa ranta.

Falke: A kasuwa idan muna so mu san gaskiyar mai tallata mana harka, tambaya ɗaya muke yi masa: "Kai nawa ka sa?" Idan ya fara kame-kame, mun gane.

Lauya: Tambayar tana da kyau ga dillali, Alhaji, kuma da za a yi wa mai binciken kuɗin kamfani ita, amsar da ake so ita ce bai sa ko kwabo ba. A kan wannan nake tsaye.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Na bar maka alƙali da mai shaida da mai binciken kuɗi, Barista, na kuma bar wa Malam mai mudaraba. Amma shugaban banki da yake juya ajiyar marayu da 'yan fansho, wanda ake biyansa garaɓasa idan an ci riba, ba zan janye ba a kansa. A riƙe wani kaso na ladansa na wasu shekaru, idan bashin da ya amince da shi ya lalace a cire daga ciki. Mun ga abin da ya faru a nan gida a watan Agusta na 2009, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, ya kuma zuba kuɗi domin ceto bankunan. Masu ƙananan hannun jari irin su Alhaji Falke ne suka kwana a ciki.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai, iyayena. Tun da jumlar tawa a kan shugabannin banki take, ga abin da zan miƙa wa edita gobe da safe: "Wajibi ne shugabannin banki su sa tasu dukiyar a ciki, ta yadda idan aka yi asara za ta taɓa aljihunsu." Ta fi ta Turancin tsawo, amma mai sauraro a rediyo zai gane ta a karo ɗaya. Hajiya, idan kina ganin "ta shafe su" ta fi "ta taɓa aljihunsu" dacewa, ki sanar da ni kafin ƙarfe takwas.

Malamar Turanci: Ki bar "aljihunsu", 'yata. Rahoton a kan kuɗi yake magana, kuma "ta shafe su" za ta mayar da ke inda editanki ya soke tun farko.